Haƙurin Max Theiler

Duk wanda ya taɓa ganin mai ciwon shawara, idanunsa sun yi rawaya, yana aman jini, ya san ba ƙaramin bala'i sauro ke ɗauke da shi ba. Saboda haka ya kamata jama'a su san wanda Allah ya ba sa'ar samo rigakafinta, watau Max Theiler, haifaffen Afirka ta Kudu, wanda ya yi aikinsa a Amurka.

Binciken cutar nan ya ci rayukan masana. Ta kashe Adrian Stokes a Ikko cikin 1927. Theiler kansa ya kamu a wurin aiki, ya tashi, bai fasa ba.

Cikin 1930 ya nuna ana iya gwaji da ɓera, ba sai biri mai tsada ba. Wannan ya buɗe wa sauran masu bincike hanya. Daga nan shi da abokan aikinsa suka ɗauki ƙwayar cutar da aka samo daga jinin wani mutumin Gana, Asibi, suka yi ta renonta cikin tsokar ɗan tsakon da ba a ƙyanƙyashe ba, suna sauya mata mazauni fiye da sau 100, har kaifinta ya dakushe. Cikin 1937 allurar ta samu, 1951 kuwa aka ba shi lambar Nobel.

To, allura ɗaya tak ta isa ta tsare mutum muddin ransa. Wahalar dai wasu sun riga sun sha mana. Abin da ya rage, hakimai da malaman makaranta su tsaya kowane uba ya kai 'ya'yansa. Rigakafi ya fi magani.