Kajin Ado: Kada Mu Sayar Da Dawa Mu Sayi Gashi

'Yan'uwa manoma, wani sabon yayi ya shigo mana ƙasar Zuru, watau kiwon kajin ado na ƙasashen waje. Samari suna ganin hotunansu a waya, su aika kuɗi Kaduna ko Ibadan, a sako masu a mota. Akwai Brahma, ƙatuwar kaza mai gashi har ƙafa. Akwai Silkie, mai gashi kamar auduga da yatsu biyar. Akwai kuma Ayam Cemani ta tsibirin Jaba a Indonesiya, wadda take baƙa ƙirin har nama da ƙashi. Kuɗin mace da namiji ya kan kai na akuya.

Kiwon abin sha'awa ba laifi ba ne. Tun dā muna da masu kiwon tantabaru don jin daɗi kawai. Wanda yake da rara, ya saya ya more. Abin da ba mu yarda da shi ba, shi ne a ce wa talaka wannan hanyar arziki ce, har ya buɗe rumbu, ko ya kwashe adashin matarsa.

Me ya sa kajin nan suke da tsada? Ba don ƙwai ba ne, gama Silkie da Cemani ba su cika yin ƙwai da yawa ba. Ba don nama ba ne, gama Brahma ta kan daɗe tana ci kafin ta cika. Tsadarsu don ƙarancinsu ne. Amma kaza ba ta san ƙaranci ba, cikin kwana 21 ta ƙyanƙyashe. Yau mutum ɗaya ke da ita a gari, baɗi mutum hamsin. Wa zai sayi ta wani?

An taɓa yin haka a Amurka. A 1852 wani mai kiwo, George Burnham, ya aika wa Sarauniya Biktoriya ta Ingila kyautar manyan kaji tara. Da labari ya bazu, sai kuɗin irinsu ya ninka sau da yawa. Kafin 1855 ta ƙare kasuwar ta faɗi. Waɗanda suka sayar da wuri suka ci riba, na baya suka tashi da kaji masu cin hatsi.

Ga kuma ha'inci. Ɗan tsako ba ya nuna asalinsa, sai ya girma ka ga ruwa biyu ne. In wani ya kawo maka baƙin ƙwai ya ce na Cemani ne, kada ka saya. Ƙwanta ba baƙi ba ne, fari ne mai ɗan duhu.

Mu tuna da ƙasarmu kuma. Jikin Brahma na sanyi ne, zafin bazara ya kan wahalshe ta, da damina kuma gashin ƙafarta ya kwashi laka. Sa'an nan baƙuwar kaza ta kan zo da baƙuwar cuta. Ba mu manta da murar tsuntsaye da ta ɓulla a Jihar Kaduna a 2006 ba.

Babban abokin gāban kajinmu ba rashin iri mai kyau ba ne, fakat ne, wanda ke share akurki kowane hunturu. Ma'aikatar binciken lafiyar dabbobi ta Vom tana yin maganin rigakafinsa, har da wanda ake ɗigawa a ido. Ku haɗa kai a unguwa, ku kira malamin dabbobi kafin sanyi ya shigo, a maimaita bayan wata uku ko huɗu. Ku gyara akurki. Ku tsare 'yan tsaki daga shirwa. Duk kazar da kuka sayo, ku ware ta mako biyu.

Mai son ƙarin ƙwai ko nama, akwai irin da aka inganta a nan gida: ShikaBrown ta Shika kusa da Zariya, da Noiler ta Awe a Jihar Oyo. Amma kada ku rabu da kajin gida, gama su ne masu kwanci.

Ƙwai a baka ya fi kaza a akurki. Kafin ka tura kuɗi, ka tambayi mai sayarwa: in ta yi yawa, wa zai saya a kasuwar Zuru? Allah ya sa albarka a kiwonmu.