Tiyatar Karkataccen Babban Yatsan Ƙafa: Wa Ya Kamata Ya Yi Ta?

Wannan makon ƙafa za mu duba, mu yi magana a kan ƙullutun nan da ke fitowa a gindin babban yatsa, har yatsan ya karkata ya jingina da na kusa da shi. Likitoci suna kiran lalurar haluks balgus. Da ke nake magana 'yar'uwa, domin mata ta fi kamawa, amma maigida ma ya saurara, ba ta ƙyale maza ba.

Mu fara da gyara wata fahimta. Mutane da yawa sun ɗauka wani ƙari ne ya tsiro, wanda za a iya yankewa ko a narkar da shi da shafe-shafe. Abin da ke faruwa shi ne, dogon ƙashin da ke bayan babban yatsa ne ya goce daga layinsa ya buɗe waje, shi kuma yatsan ya kwanta wajen ƙananan yatsu. Ƙullutun da kike gani kan wancan ƙashin ne ya turo fata. Saboda haka man zafi, tsaga, ƙaho ko ɗori ba za su mayar da shi mazauninsa ba. Ga mai ciwon suga kuwa, tsaga a ƙafa tana iya zama gyambon da zai ƙi warkewa.

Lalurar ta yawaita fiye da yadda ake zato. A 2010 wasu masana a Ostireliya sun tattara binciken ƙasashe daban-daban, suka gano kusan kashi 23 cikin 100 na masu shekara 18 zuwa 65 suna da ita, a waɗanda suka haura 65 kuma ta kai kusan kashi 36. A mata kashi 30 ne, a maza kashi 13. Tana bin jini, shi ya sa za ki ga uwa da 'ya da jika da ƙafa iri ɗaya. Shimfiɗaɗɗen tafin ƙafa da sanyin gaɓɓai suna taimaka mata. Takalmi mai tsini, mai matse yatsu, mai doguwar dunduniya kuwa yana ƙara mata gudu da zafi.

To, idan ƙashi ne ya goce, shin kowa sai tiyata? A'a. Ma'aunin shi ne ciwo. Idan yatsan ya karkata amma kina tafiyarki, kina zuwa kasuwa da wurin aiki ba tare da raɗaɗi ba, ki bar shi. Ki nemi takalmi mai faɗin baki da laushi, ki sa matashin roba a kan ƙullutun ko tsakanin yatsu, ki rage ƙiba idan akwai, ki sha maganin rage zafi bisa shawarar likita. Waɗannan ba sa miƙe ƙashi, amma suna kwantar da ciwo ga mutane da dama. Hukumar lafiya ta Ingila ma ba ta yin wannan tiyata don kyan ƙafa kawai. Hausawa suka ce garin neman gira kada a rasa ido. Ƙafar da ba ta ciwo, idan aka yanka ta don ta shiga takalmin biki, tana iya fitowa da ciwon da ba ta shiga da shi ba.

Wadda tiyata ta dace da ita ita ce wadda ciwo ya hana ta sakat duk da canjin takalmi, ko babban yatsan ya fara hawa kan na biyu, ko fatar ƙullutun tana yawan salewa, ko ta fara ɗingishi. Ga irin wannan, akwai labari mai daɗi. A ƙasar Finlan an raba marasa lafiya 209 gida uku: wasu aka yi musu tiyata, wasu aka ba su shimfiɗar cikin takalmi ta musamman, wasu aka ce su jira. An buga sakamakon a 2001. Bayan shekara ɗaya, kashi 83 na waɗanda aka yi wa tiyata sun ce sun samu sauƙi, na shimfiɗar takalmi kashi 46, na jira kashi 24.

Ga yadda aikin yake. Likitan ƙashi zai ɗauki hoton ƙafar kina tsaye, domin sai nauyin jiki ya hau ta ake ganin ainihin karkacewar. Lafiyayyen yatsa ba ya wuce digiri 15, wanda ya haura 40 kuwa ya yi tsanani. Hanyoyin gyara sun fi 100, amma tushensu kaɗan ne. Idan karkacewar ba ta yi nisa ba, ana yanka ƙashin kusa da kansa, a tura shi layinsa, a kafe da ƙananan ƙusoshin ƙarfe. Idan ta yi nisa, a yi yankan a tsakiya ko gindin ƙashin. Idan kuma gaɓar da ke gindin dogon ƙashin ce ta yi sako-sako, sai a haɗe ta gaba ɗaya, hanyar da ake kira da sunan likita Lapidus, wanda ya bayyana ta a 1934. Akwai kuma ta zamani da ake yi ta 'yan ƙananan huji. Yankan fatar ƙarami ne, amma ƙashin dai an yanka shi, kuma sai ya ɗauki lokacinsa kafin ya haɗe. Aske ƙullutun kawai ba tare da miƙe ƙashin ba, sau da yawa dawowa yake yi.

Yanzu ɗaya ɓangaren. Wani nazari na 2018 da ya tattara sakamakon dubban tiyatoci ya nuna kusan mutum 1 cikin 10 bai gamsu da aikin ba, kuma kusan 1 cikin 20 karkacewar ta dawo masa. Akwai wanda yatsan zai yi tauri, akwai wanda fatar wajen za ta rage ji, akwai wanda ciwon zai koma ƙarƙashin yatsa na biyu. Ƙwayar cuta tana iya shiga rauni, ƙashi yana iya jinkirin haɗewa, musamman ga mai shan taba, mai ciwon sugan da bai daidaita ba, ko mai ƙarancin gudanar jini a ƙafa. Mai sikila ma ta sanar da likita tun farko.

Taurin yatsan nan kada ki raina shi. Rayuwarmu ta tsuguno ce da zaman ƙasa: wanki, girki a murhu, bayan gida na tsuguno, ga sujada da zaman tahiya inda ake lanƙwasa yatsu. Duk suna buƙatar babban yatsa ya tanƙwaru. Ki faɗa wa likita haka ƙarara, ki tambaye shi yadda aikin da ya zaɓa zai shafi lanƙwasar yatsan, sannan ki riƙe motsa gaɓar da za a koya miki bayan tiyata.

Sai jinya, wadda nan ne mata da yawa ke faɗuwa. Mako 2 na farko ƙafa a ɗage take son zama. Ƙashi yana buƙatar kamar mako 6 kafin ya kama, kina sanye da takalmin asibiti. Tuƙi sai bayan mako 6 zuwa 8, komawa aiki mako 6 zuwa 12, kumburi kuwa yana iya kai wata 6 ko fiye. Uwar gida da aka sallamo, kwana uku ta miƙe tana tuƙa tuwo a tsaye, ita ce za ta ce aikin bai yi ba. Maigida, nan ne naka aikin: kafin a sa rana, a san wa zai riƙe girki, wa zai kai yara makaranta. Mai niyyar Hajji ko Umara kuma ta bar tazarar watanni, domin ɗawafi da sa'ayi tafiyar ƙafa ce.

Idan kin kai ga shawara, likitan ƙashi za ki nema, a irin su Asibitin Ƙashi na Dala a Kano ko asibitin koyarwa mafi kusa. Ki tambaye shi: wace hanya za a bi, kuma me ya sa? Sau nawa yake yin irinta? Yaushe zan taka? Nawa ne kuɗin, har da ƙusoshi, hotuna da gashi? Idan ta dawo fa? Bayan an sallame ki, zazzaɓi, ruwa ko mugunya daga raunin, ko kumburin sha-raɓa mai zafi, duk alamun komawa asibiti ne a ranar.

Masu karatu da aka taɓa yi wa wannan aiki, ku rubuto mana a ƙasa: wata nawa kuka yi kafin ku koma takalminku na yau da kullum, kuma wa ya riƙe muku gida? Amsarku za ta amfani wadda ke kan shawara. Allah Ya ba mu lafiya, sai mako mai zuwa.