Buɗe Reshe Ba Wuya, Haɗewa Ce Aikin

A ƙasar Zuru, samarin Dakarkari masu aikin golmo sukan shiga gonar suruki a ƙungiyance, kowa ya kama kunyarsa. Wanda ya karkace tun farko bai ɗaga kai ya dubi na kusa da shi ba, sai a ƙarshen gona ɓarnarsa za ta bayyana. Haka rubutun manhaja yake idan hannu ya yi yawa.

Git, wanda Linus Torvalds ya ƙirƙira a 2005 domin kula da rubutun Linux, ya sauƙaƙa buɗe reshe matuƙa. Reshe alama ce kawai da ke nuna inda aikinka ya tsaya, ba kwafin aikin gaba ɗaya ba. Wahalar tana wajen haɗewa. Git yakan nemo inda rassan biyu suka rabu, ya gwada abin da kowanne ya sauya. Idan layuka daban aka taɓa, sai ya haɗe su da kansa. Idan layi ɗaya ne, sai ya tsaya mutum ya yanke hukunci. Amma Git bai san ma'ana ba. Wani zai sauya sunan wani aiki, abokinsa ya kira tsohon sunan a wani fayil, haɗewa ta tafi lafiya, manhaja kuma ta ƙi tashi.

A ganina wannan ya fi shafar mu. Git na aiki ko babu intanet, kuma alheri ne inda wuta da sabis ba su da tabbas. Sai dai hakan kan sa ɗalibai, a ce a Jami'ar Aikin Gona ta Tarayya da ke Zuru, kowa ya riƙe reshensa makonni, sai daren miƙa aiki su tarar rassan sun ƙi haɗuwa.

Wani zai ce bai kamata a zuba aikin da bai nuna ba cikin babban reshe. Gaskiya ne, amma maganin shi ne a yanka aikin ƙanana. Ko masu Linux, da ke buɗe ƙofar karɓar sababbin sauye-sauye na mako biyu kacal, suna da rumbun linux-next inda ake gwada haɗa rassa kusan kullum.

Duk ranar da sabis ya samu, jawo aikin abokanka ka haɗa da naka kafin ka ƙara layi ɗaya.