Kwaɗayin Zaƙi Da Dare: Tun Da Safe Ake Maganinsa

Duk wanda ya san garuruwan yammacin Jihar Zamfara, tun daga Anka zuwa Bukkuyum da Adabka har Gummi, ya san da an idar da sallar lisha babu wurin da ya kai teburin mai shayi cika. Nan malamin makaranta da akawun ƙaramar hukuma da ma'aikacin asibiti su kan haɗu, a taɓa zancen albashi da na hanya da na farashin hatsi, ana yi ana kurɓa. Cikin masu wannan zama akwai waɗanda likita ya riga ya gargaɗe su su rage jiki, wani saboda hawan jini, wani ciwon gwiwa, wani kuwa don an ga alamar ciwon sukari. Su kan yini suna kiyaye bakinsu, amma da dare ya yi sai alkawari ya warware. A sha kofi biyu na shayi mai kauri, a haɗa da burodi, wani lokaci har a ɗora kwalbar lemo. Gari na wayewa sai nadama, mutum ya yi ta zargin kansa da rashin ƙarfin hali.

Wannan zargi babu adalci a cikinsa, ba ya kuma warkar da kowa. Kwaɗayin zaƙi da dare yana da dalilansa, kuma yawancinsu tun da rana ake shuka su. Wanda ya bari sai ƙarfe tara na dare, yana zaune gaban gwangwanin sukari cikin abokai, sa'an nan zai fara kokawa da ransa, to ya makara. Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta.

Dalili na farko a jikin ɗan Adam yake. A 2013 masu bincike a wani asibitin koyarwa na Boston, cikin Amurka, sun nuna cewa jiki yana da agogonsa na yunwa. Sha'awar abinci ta fi raguwa wajen ƙarfe takwas na safe, ta kuma fi tsanani wajen ƙarfe takwas na dare, musamman sha'awar abu mai zaƙi da mai gari da mai gishiri. Watau ke nan daidai lokacin da mai shayi ke hura wutarsa, lokacin ne jiki ya fi neman abin da ke kan teburinsa.

Dalili na biyu shi ne yadda ma'aikaci ke tafiyar da cikinsa. Da yawa daga masu son rage ƙiba suna zaton dabara ita ce a ƙi karya kumallo, ko a tsallake abincin rana. Sai mutum ya fita ofis da kofin koko ɗaya wanda aka cika wa sukari, ya yini a kan goro da ruwa. Sukari da farin burodi su kan shiga jini da sauri, ƙarfinsu kuma ya kan ƙare da sauri, ya bar mutum da yunwa da kasala. Kafin magariba cikin ya tara bashi, idan kuwa ya tashi karɓar bashinsa ba ya neman kwaɗon zogale, abin da ya fi saurin ba da ƙarfi yake nema.

Na uku shi ne barci. A 2004 aka buga sakamakon wani gwaji na Jami'ar Shikago, inda aka taƙaita barcin wasu samari zuwa awa 4 har dare biyu a jere. Sinadarin da ke sanar da ƙwaƙwalwa an ƙoshi ya ragu a jininsu da kashi 18 cikin 100, wanda ke tayar da yunwa kuma ya ƙaru da kashi 28 cikin 100, abin da suka fi marmari kuwa shi ne kayan zaƙi da na gari. To shayi mai ƙarfi da ake sha da tsakar dare yana daga cikin abubuwan da ke hana barci. Shayin jiya ya hana barci, rashin barci ya jawo kwaɗayin yau. Ga kuma zaman ɗarɗar da rashin tsaro ya jefa mutanen wannan yanki a ciki cikin shekarun nan, wanda ya rage wa mutane barci, ya kuma rage musu zuwa gona da tafiyar ƙafa a bayan gari.

Ya kamata a dubi yawan abin da ake sha, gama mutane da yawa ba su taɓa ƙirgawa ba. A 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara kada sukarin da ake ƙarawa cikin abinci da abin sha ya kai kashi 10 cikin 100 na ƙarfin abincin da mutum ke ci a yini. Ga babban mutum wannan kimanin giram 50 ke nan, watau ƙaramin cokalin shayi 12. Hukumar ta ƙara da cewa in an iya saukowa zuwa rabin haka, cokali 6, ya fi amfani. Kwalbar lemon Coca-Cola mai rabin lita ita kaɗai tana ɗauke da fiye da giram 50. Wanda kuma ke shan kofi biyu kowane dare, ko wanne da ƙaramin cokali 4, ya sha giram 32 a dare, a shekara kuwa ya sha fiye da kilo 11. Wannan lissafi bai haɗa da sukarin da ke cikin madarar gwangwani mai kauri ba, ko wanda ke cikin Milo da Bournvita, balle kuma mai shayin da ke awo da babban cokali. Abin da ya ƙara ɓata lamarin shi ne zaƙin da aka sha a ruwa ba ya ƙosarwa kamar wanda aka tauna, don haka ana iya shan mai yawa ciki bai ce ya isa ba.

Wani zai ce ai kakanni sun sha zaƙi ba su yi teɓa ba. Gaskiya ne sun sha, amma zaƙinsu yana da lokaci. Rake sai an sare shi a fadama, shan sa kuma aiki ne na haƙori. Zuma sai an yi sa'a, alkaki da nakiya da dubulan kuwa kayan biki ne da gara da Salla. Farin sukari bai zama abin kowace rana a gidajen talakawa ba sai a hankali, bayan da aka yawaita shigo da shi daga ƙasashen waje, aka kuma kafa masana'antarsa a Bacita cikin shekarun 1960 da ta Numan cikin shekarun 1970. Bugu da ƙari, manomin da ya sha fura ya koma kan garma ya ƙone abin da ya sha. Jikansa kuwa yana kan kujera tun safe, in ya tashi ya hau babur, in ya sauka ya zauna kan benci. Bakin irin na manomi ne, aikin kuwa na akawu.

Wani kuma zai ce zancen rage ƙiba zancen ƙoshi ne, a yankin da ƙungiyar likitoci ta MSF ta yi shekaru tana jinyar yara masu tamowa a Anka da Gummi. Wannan magana tana da nauyi, amma ba ta kawar da ɗayar matsalar ba. A gari ɗaya, wani lokaci ma a gida ɗaya, a kan sami yaro mai rama da magidanci mai hawan jini. Ma'aikacin da ciwon sukari ya kwantar, albashinsa magani zai cinye, waɗanda yake ɗauke da su kuma su ne za su fara jin jiki. Kuɗin da ke tafiya ga sukari da lemon kwalba a wata, da wake da gyaɗa da ƙwai aka saya wa yara da shi da an jefi tsuntsu biyu da dutse ɗaya.

To mene ne abin yi? Abu na farko shi ne a koma ga cin abinci da rana yadda ya kamata. A karya kumallo da abin da zai riƙe ciki, kamar ƙosai ko alale ko ƙwai ko ɗumamen tuwo, kokon kuma a rage masa sukari. Da rana a ci abinci na sosai wanda ke da wake ko kifi ko nama da ganye. Da la'asar, in yunwa ta taɓa, a tauna gyaɗa cikin tafin hannu ɗaya ko a ci kwaɗon rama. Tuwon dare kuma a ci shi da wuri, a rage malmala, a yawaita miyar ganye. Mutumin da ya je teburin mai shayi a ƙoshe ba ɗaya yake da wanda ya je da yunwar yini ba.

Na biyu, kada a ce za a yanke sukari dare ɗaya. Masu yin haka su kan daure kwana uku ko huɗu, sa'an nan su koma su rama abin da suka rasa har da riba. Mai shan cokali 4 ya sauko zuwa 3, ya zauna a kai mako biyu, sa'an nan ya sauko zuwa 2. Harshe yana sabo. Bayan 'yan watanni shayin da a da mutum ke ji salam sai ya ji shi daidai, wanda ya saba sha kuwa ya ji zaƙinsa ya yi yawa. Citta da kanumfari da na'ana'a da lemon tsami duk suna ba shayi ɗanɗano ba tare da sukari ba. Sannu ba ta hana zuwa.

Na uku, in marmarin ya taso duk da haka, a san cewa ba ya dawwama. Ya kan taso ya yi ƙarfi, in an ba shi ɗan lokaci ya kwanta. A sha ruwa, a tashi a taka, a yi aswaki ko a goge baki, gama bakin da aka wanke bai cika son a sake ɓata shi ba. In ba a iya haƙura ba, to a nemi zaƙin da ake taunawa, kamar lemo ɗaya ko yankan gwanda ko kankana, ko goruba da magarya da kanya a lokacinsu. Amma fa a yi hattara da yaudarar kai. Zuma da mazarƙwaila da ruwan 'ya'yan itace da aka matse duk sukari ne a wurin jiki. Dabino ma fiye da rabin nauyinsa sukari ne, biyu ko uku sun isa. Ƙwayoyin zaƙi na kanti da ake cewa ba sukari ba ne, a 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara kada a dogara da su wajen rage ƙiba. Haka nan shayin rage tumbi da ake talla a kasuwa da cikin waya, wanda yawancinsa gudawa kawai yake sawa.

Wannan magana ta shafi mata da ɗalibai kamar yadda ta shafi masu zaman majalisa. Malamar da ta gama aikin gida ta zauna da kwanon fura mai sukari ko tuwon madara, da ɗalibin makarantar kwana da ke jiƙa garin rogo da sukari bayan karatun dare, hanya ɗaya suke bi. Abin da ba a ajiye a ɗaki ba, da wuya a tashi nemansa da tsakar dare. Ɗalibi kuwa ya tuna cewa sabon da ya yi yanzu shi zai bi shi har kujerar ofis, inda babu sauran gudu da wasan ƙwallo da za su rufa masa asiri.

Ba a ce kowa ya ƙaurace wa majalisa ba, domin zumunci shi ma magani ne. Abin da ake so shi ne majalisar ta sake hali. Aboki ya daina ganin ƙin shan lemon da ya saya a matsayin raini. Mai shayi ya riƙa tambayar cokali nawa za a zuba, maimakon ya ɗauka yawan sukari shi ne karimci. Ba zai yi hasara ba, sukarinsa ma zai daɗe. In mutum biyu ko uku a benci ɗaya suka yi shawara su rage tare, sun fi mai yi shi kaɗai samun nasara.

Hukumomi ma suna da nasu aikin. Dokar kuɗi ta 2021 ta sa harajin naira 10 kan kowace lita ta lemo mai sukari, aka fara karɓa a 2022. Amma haraji ba ya isa gwangwanin mai shayi, wayar da kai ce ke isa can. Ya kamata sassan lafiya na ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum da Gummi su riƙa shirya ranar awon nauyi da hawan jini da sukari ga ma'aikata da malamai, a sakatariya da makarantu. Duk mai fama da yawan ƙishirwa da yawan fitsarin dare, ko mai ramewa ba dalili, lalle ya je asibiti a gwada jininsa. Wanda kuma ke kan maganin ciwon sukari kada ya sake tsarin cin abincinsa sai da shawarar likita.

Ladan wannan ƙoƙari ba ƙarami ba ne. Wani babban gwaji da aka bayyana sakamakonsa a Amurka a 2002 ya bi mutanen da ke gab da kamuwa da ciwon sukari. Waɗanda aka ɗora kan rage kashi 7 cikin 100 na nauyinsu da motsa jiki minti 150 a mako, kamuwarsu da ciwon ta ragu da kashi 58 cikin 100. Ga mai kilo 90, wannan kilo 6 ne da 'yan kai, da tafiyar rabin awa kwana biyar a mako. Rabin kilo a mako ya isa, ba sai an azabtar da kai ba. Mai wannan niyya ya fara da abin karin kumallon gobe, ya kuma rage cokali ɗaya a daren yau.