Filin Kiwon Lafiya: Ƙarin Jijiyar Ji, A Fiɗe, A Gasa Ko A Zuba Ido?

Masu iya magana sun ce kunne ya girmi kaka, amma duk da wannan girma da aka ba shi, da wuya a sami gaɓar da ake yi wa riƙon sakainar kashi kamarsa. Mutum sai ya lura kunnensa ɗaya ya yi nauyi, ya ce dauɗa ce, ya sa tsinke ko gashin kaza ya sosa, ya ɗiga mai, ya mai da wayarsa ɗaya kunnen, ya ci gaba da harkokinsa. Sau da yawa kuwa abin ba ya wuce dauɗar. To, amma a cikin masu wannan kuka akwai 'yan kaɗan waɗanda ciwonsu yana can bayan kunnen ne, a kan jijiyar da ta haɗa shi da ƙwaƙwalwa.

Jijiyoyi 12 ne suke fitowa daga ƙwaƙwalwa a kowane gefen kai. Ta takwas ɗinsu rassa biyu gare ta: ɗaya na ji, ɗaya kuma na daidaita jiki don kada mutum ya yi tangaɗi. Tana bi ta wata 'yar ƙunƙuntar hanya cikin ƙashi, tsawonta kamar santimita ɗaya, kafaɗa da kafaɗa da jijiya ta bakwai mai motsa fuska. Idan ƙwayoyin rigar da ta lulluɓe jijiyar suka yi ta hayayyafa fiye da kima, sai su dunƙule su zama ƙari, wanda likitoci suke kira akustik niyuroma. Wani masani mai suna Eduard Sandifort na birnin Laidin a ƙasar Holan ya bayyana shi tun 1777, bayan ya same shi a jikin gawa.

Abu na farko da ya kamata a sani shi ne wannan ƙari ba sankara ba ne, ba ya kuwa yaɗuwa zuwa sauran jiki. Ɓarnarsa ta danniya ce kawai, watau yana matse abin da ke kusa da shi. Ba shi da yawa cikin jama'a, don a shekara bai fi mutum ɗaya ko biyu cikin 100,000 ake gano suna da shi ba, galibi masu shekara 40 zuwa 60. Kimanin kashi 95 cikin 100 a gefe guda yake fitowa. Masu shi a gefe biyu kuwa yawanci wata cuta ce ta gado take haddasa musu, tun da ƙuruciya.

Babbar alamarsa ita ce raguwar ji a kunne ɗaya, sannu a hankali, har mutum ya riƙa jin sauti amma ba ya rarrabe kalmomi. Sai ƙara ko shuu a cikin wannan kunnen, da ɗan jiri, musamman cikin duhu. In ya ƙasaita sai ɓarin fuska ya yi dindiris, kai ya yi ta ciwo, daga bisani ya iya danne gindin ƙwaƙwalwa ya toshe hanyar ruwanta, a nan ne fa rai yake shiga haɗari. Gano shi yana farawa ne da awon ji wurin likitan kunne da hanci da maƙogwaro, kamar waɗanda ke Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa da aka kafa a Kaduna a 1999, ko asibitocin koyarwa na Kano, Zariya, Sakkwato, Ibadan da Legas. Idan awon ya nuna kunne ɗaya ya bambanta da ɗan'uwansa, sai a ɗauki hoton kai da na'urar MRI, wadda take iya nuna ƙari ko da bai fi ƙwayar dawa ba.

Da zarar an ce wa mutum akwai ƙari a cikin kansa, hankalinsa da na danginsa yakan tashi, kowa ya ce a cire shi yau yau. Alhali kuwa hanyoyi uku ne a gaban mai wannan ciwo, kowace da ribarta da kuma abin da za ta ci.

Hanya ta farko ita ce zuba ido. A ƙasar Denmak tun 1976 ake rubuta duk wanda aka samu da wannan ƙari. Binciken da likitocinta suka fitar a 2006 ya nuna cewa cikin ƙananan da ba su fito daga hanyar ƙashi ba, kashi 17 cikin 100 ne kawai suka girma, cikin waɗanda suka ɗan leƙo waje kuma kimanin kashi 29. Masu girman ma yawanci milimita ɗaya ko biyu suke ƙarawa a shekara. Saboda haka idan ƙarin ƙarami ne, likita yakan ce a sake hoto bayan wata shida, sa'an nan shekara shekara. Illar wannan hanya ita ce ji yana iya ci gaba da raguwa ko da ƙarin bai motsa ba, ga kuɗin hoto, ga zaman zullumi kafin kowane sakamako.

Hanya ta biyu ita ce fiɗa. A farkon ƙarni na 20 fiye da rabin waɗanda aka yi wa wannan aiki ba sa tashi. Harvey Cushing na Amurka, wanda ya wallafa littafi a kan ciwon a 1917, ya rage mace-macen ƙwarai, sa'an nan William House na birnin Los Anjalis ya shigo da madubin ƙara girma cikin aikin a shekarun 1960. A yau, a asibitocin da suka ƙware, mutuwa ba ta kai ɗaya cikin 100 ba. Fiɗa ita kaɗai take raba mutum da ƙarin, ita ce kuma babbar mafita idan ya wuce santimita 3 ko ya fara danne ƙwaƙwalwa. Sai dai sau da yawa jin wannan kunnen yakan tafi gaba ɗaya, wata hanyar shigar ma ta cikin kunnen take ratsawa, ba ta barin ji ko kaɗan. Har wa yau jijiyar fuska tana iya samun rauni, baki ya karkace, ido ya kasa rufuwa. Gwargwadon girman ƙari, gwargwadon wannan haɗari. Shi ya sa wani lokaci likita yakan bar ɗan ɓarɓashi manne da jijiyar da gangan, don ya tsirar da fuska.

Hanya ta uku ita ce gashi da haske. Lars Leksell na ƙasar Suwidin shi ya ƙera na'urar Gamma Knife, aka kuma fara gwada ta a kan wannan ƙari a 1969. Tana tattaro siraran haskoki kimanin 200 daga kusurwa daban daban su haɗu a kan ƙarin, ba yanka, ba zub da jini, galibi a zama ɗaya. Tana tsai da girman fiye da kashi 90 cikin 100 na ƙanana da matsakaita. Amma ba ta cire ƙarin, yana nan inda yake, yakan ma ɗan kumbura da farko kafin ya lafa. Ji yana iya dusashewa cikin shekaru, hoto kuma ba a daina shi. A Afirka akwai na'urar a Masar da Maroko da Afirka ta Kudu, don haka mai niyya sai ya haɗa da lissafin guzuri.

Shin wacce ta fi tsakanin gashi da zuba ido? A 2023 likitocin ƙasar Norwe sun bayyana sakamakon wani gwaji da suka yi da mutum 100 masu ƙarami ko matsakaicin ƙari: aka gasa wa rabi nan take, rabi kuma aka zuba musu ido. Bayan shekara 4 ƙarin waɗanda aka gasa ya fi ƙanƙancewa, amma wajen ji ba a ga wani bambancin a zo a gani ba. Daɗin daɗawa, fiye da rabin waɗanda aka zuba wa ido ba su bukaci kome ba.

Ke nan babu amsa ɗaya da za ta dace da kowa. Dattijo mai shekara 70 da ƙarami ba ɗaya yake da matashiya mai shekara 35 wadda nata yake girma ba. Malamin makaranta ko mai sauraron ƙara wanda kunne ne jarinsa zai auna daban da wanda kunnen ya riga ya mutu. Matambayi ba ya ɓata: mai ciwo ya tambayi likita milimita nawa ne ƙarin, ya girma ko bai girma ba tun hoton baya, ji nawa ya rage, irin wannan aiki nawa likitan yake yi a shekara, kuma mutum nawa ne fuskarsu ta tsira a hannunsa. Neman shawarar likita na biyu ba raini ba ne.

Ko wace hanya aka bi, akwai zaman yau da gobe. Mai kunne ɗaya ba ya gane inda sauti ya fito, saboda haka ya waiga dama da hagu sosai kafin ya tsallake titi. A taro ya zauna inda lafiyayyen kunnen zai fuskanci jama'a, ya kuma gaya wa iyalinsa gaskiya, don kada a ɗauka girman kai ne ya hana shi amsa sallama. Akwai na'urar da take ɗauko sauti daga mataccen gefe ta kai wa mai rai. Jiri yakan ragu da tafiya da motsa jikin da masu gashin ƙashi suke koyarwa, kwanciya kuwa tsawaita shi take yi. Wanda idonsa ba ya rufuwa ya lizimci maganin ɗigawa, ya rufe idon da dare, don kada ya bushe ya lalace. Kunnen da ya rage kuwa dukiya ne: a nisanta shi da ƙarar injin niƙa da janareta, kada kuma a yi allurar jentamaisin ko sitiraftomaisin, ko a sha kwini, ba tare da likita ya san halin da ake ciki ba.

Sannu ba ta hana zuwa, wannan ƙari kuwa yakan ba mai shi lokacin yin tunani da shawara. Amma zuba ido daban, sakaci daban. Na farko yana da hoto da awo da ranar komawa asibiti, na biyu kuwa ba shi da kome sai tsinke da gashin kaza. Duk wanda kunnensa ɗaya ya yi nauyi ko yake ƙara har makonni suka shuɗe, ya je a auna shi. Wanda jinsa ya ɗauke farat ɗaya kuwa, kada ya bari rana ta faɗi bai ga likita ba.