Ɓoyayyar duniya a sararin samaniya: abin da ke bayan bidiyon da ake yaɗawa

A Dakoro, kamar sauran garuruwan jihar Maradi, bidiyon kan iso ta WhatsApp ko TikTok: wani ɗigon haske kusa da rana, da murya mai cewa wannan wata ɓoyayyar duniya ce, Nibiru, da ke tunkaro mu, kuma manyan ƙasashe na rufe maganar.

Labarin ya tsufa. Marubuci Zecharia Sitchin ne ya fito da sunan Nibiru a littafinsa na 1976. A 1995 wata Ba'amurkiya, Nancy Lieder, ta ce halittun wata duniya sun sanar da ita cewa abin zai wuce kusa da mu a Mayun 2003. Da lokacin ya wuce lafiya, sai aka ɗage zuwa 21 ga Disamba 2012, daga baya wani David Meade ya sa 23 ga Satumba 2017. Duk ranakun sun wuce, kuma hukumar NASA ta Amurka ta sha bayyana cewa babu Nibiru.

Ba sai an jira NASA ba. Abu mai girman duniya da ya rage masa watanni ya iso, da haskensa ya kai a gan shi da ido. Makiyayan kwarin Tarka da ke kwana a fili, da manoman da ke lissafin damina da Kaza da ƴaƴanta, da su ne za su fara lura. Sama ba ta da ƙofar da gwamnati za ta kulle.

To me ake gani a bidiyon? Galibi abu uku. Idan aka saita salula ga rana, hasken kan yi tsalle tsakanin gilasan kyamara ya haifar da ɗigo na biyu; a motsa wayar, ɗigon ma ya motsa. Na biyu, tauraron nan mai tsananin haske da Hausawa ke kira Zara da maraice, Gamzaki da asuba, wato Venus. Na uku, taurarin ɗan Adam na Starlink, da kan bi juna a jere bayan magariba idan an harba su ba da jimawa ba.

Abin da ke ba jita-jitar ƙarfi shi ne akwai bincike na gaske mai kama da ita. A Janairun 2016, Konstantin Batygin da Michael Brown na jami'ar Caltech sun ce yanayin tafiyar wasu ƙananan duwatsun ƙanƙara can bayan Neptune na nuna wataƙila akwai duniya ta tara, mai nauyin tamu sau 5 zuwa 10. Sai dai nisanta, in ma tana nan, ya ninka tazarar da ke tsakaninmu da rana sau ɗaruruwa, kuma ba ta nufo mu ba. Har yanzu ba wanda ya gan ta. Ana sa ran cibiyar Vera Rubin da ke Chile, wadda ta fitar da hotunanta na farko a Yunin 2025, za ta taimaka wajen raba gardama.

Haka aka gano Neptune kanta. Bafaranshe Urbain Le Verrier ya yi lissafi ya faɗi inda za a duba, Johann Galle ya duba a Balin ranar 23 ga Satumba 1846 ya same ta. Masani kan faɗi wuri da lissafi domin kowa ya gwada. Mai jita-jita kuwa sai ya sa ranar halaka, in ta wuce ya sa wata.

Tsoron abin sama yana da tsada. A Janairun 2001, bayan husufin wata, matasa a Maiduguri sun far wa otal-otal da mashaya, suna ɗora musu laifin abin da ya faru. Ga kuma doka: dokar Nijar ta 2019 kan laifukan intanet, da aka tsaurara a Yunin 2024, ta tanadi ɗauri ga mai yaɗa bayanan da ka iya tada hankalin jama'a, kuma tura saƙo ma yaɗawa ne.

Akwai wani gwaji da ranarsa sananniya ce: 2 ga Agusta 2027 za a yi husufin rana, cikakke a arewacin Afirka, wani ɓangare a Nijar. Waɗanda suka ga na 29 ga Maris 2006 sun san yadda maganganu ke yawa a irin wannan lokaci. Gidajen rediyon karkara, malaman lakwal da limamai suna da isasshen lokaci su yi wa jama'a bayani, har da gargaɗin kada a kalli rana da ido ba kariya.