Wa ya kamata ya kawo hujja, soja ko gwamnati?

Raunin harsashi ba ya buƙatar shaida, tabonsa na nan a jiki. Wahalar tsohon soja tana farawa ne idan cuta ta bayyana shekaru bayan ya tuɓe kaki, ya je neman haƙƙinsa a ce ya tabbatar da cewa a bakin aiki ya same ta.

Abin da sojojin Amurka da suka yi yaƙi a Iraƙi da Afganistan suka tarar ke nan. A sansanoninsu akan tara robobi da tayoyi da batura a manyan ramuka a banka musu wuta, su kuwa suna shaƙar hayaƙin dare da rana. Da cututtukan huhu da na daji suka fara kama su, ma'aikatar kula da tsofaffin sojoji ta yi watsi da mafi yawan buƙatunsu, wai babu hujja. Sai a Agustan 2022 Shugaba Biden ya sa hannu a dokar PACT, wadda ta lissafa cututtuka sama da 20. Duk wanda ya yi aiki a wuraren nan ya kamu da ɗayansu, doka ta ɗauka hayaƙin ne sanadi. Saje Heath Robinson, wanda dokar ke ɗauke da sunansa, ya rasu tun 2020.

Wanda aka hana kuma yana da inda zai kai kukansa. Cikin shekara guda yana iya neman babban jami'i ya sake duba takardunsa, ko ya kawo sabuwar hujja, ko ya je gaban hukumar ɗaukaka ƙara. In bai gamsu ba, akwai kotu ta musamman da aka kafa a 1988. Ana jan ƙafa, wasu kan yi shekaru suna jira, amma idan hujjoji suka yi kunnen doki, soja ake ba gaskiya.

Wannan ƙa'ida ta ƙarshe ita ce nake so Majalisar Tarayya ta aro. Tun 2009 sojojinmu ke fafatawa da Boko Haram, wasu sun dawo da kunnen da bam ya kashe, wasu da firgicin da ke hana barci. Rundunar da ta tura su ita ke riƙe da takardun asibitinsu da na wuraren da suka yi aiki. In tana musun cewa a can suka samo ciwon, ita ya kamata doka ta ce ta kawo hujja.